Tsohuwar Kombi mai ciwon inji

Wani ɗalibinmu da ke karatu a Ingila ya rubuto wa wannan fili yana neman shawara. Ya ga an sa wata Volkswagen Kombi ƙirar 1970 a kasuwa, irin wadda aka mayar da cikinta ɗaki, da gado da murhu da rufi mai ɗagawa, wadda Turawa ke tafiya hutu da ita suna kwana inda dare ya same su. Farashinta ya yi sauƙi, domin mai ita ya ce injin na buƙatar gyara. Kuɗin da ɗalibin zai zuba kuwa shi ne abin da ya tara cikin shekara biyu yana aikin dare. Tambayarsa ita ce, anya injin nan ba zai cinye shi ba?

Amsata a taƙaice: a cikin duk abin da zai iya damun wannan mota, inji ne mai sauƙi. Bari in faɗi dalili.

Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera Kombi a Jamus a 1950, kuma bai daina ba sai a ƙarshen 2013, lokacin da aka rufe layinta na ƙarshe a Brazil. Injin ƙirar 1970 a baya yake, silinda huɗu ne, ƙarfinsa bai kai na doki 50 ba, kuma iska ce ke sanyaya shi. Ba shi da lagireto, ba shi da famfon ruwa, ba shi da kwamfuta. Ƙusoshi huɗu ne suka haɗa shi da giya, gwanin makanike yana sauke shi tsakanin azahar da la'asar. Da yake dangin injin Beetle ne, wanda aka ƙera miliyoyinsa, har yau ana yin sababbin kayan gyaransa, daga fistin da ring har zuwa injin ɗungurungum. Wato ciwonsa yana da farashi, kuma ana iya sanin farashin kafin a miƙa kuɗi.

Sai dai kalmar “gyara” tana da faɗi a bakin mai sayarwa. Kafireto da ya toshe gyara ne, inji da ya cije shi ma gyara ne. Saboda haka mai saye ya je da makaniken da ya san injin iska, ba wanda sai ya jona na'ura yake gane cuta ba. Su juya injin da hannu su ga ko yana juyawa. Su kama ƙafar da fanbel ke hawa ta ƙasa, su ja ta su tura. In ta motsa har aka ji ƙwanƙwasa, gidan injin ya ci, aikin ya zama babba. Su auna matsin kowane silinda, su fi sa ido a kan na uku, domin a ƙirar da ta gabaci 1971 abin sanyaya baƙin mai yana tare masa iska, shi ne ya fi yin zafi, bawul ɗinsa ne ya fi saurin ƙonewa. Su duba tiyon fetur. Kombi da yawa ba tsufa ne ya kashe su ba, gobara ce, daga tsohon tiyo da ya tsage yana ɗiga a kan inji mai zafi. Wanda ya ƙi a yi wa motarsa wannan binciken yana kiran mutum ne zuwa cinikin biri a sama.

Abin da nake tsoro shi ne tsatsa. A Ingila ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, ga damshi ba ya yankewa, kuma motar da ta haura shekara 50 ta sha wannan ruwan gishiri har ta ƙoshi. Yana cin ta daga ciki: ƙasan ƙofofi, gindin gilashin gaba, inda batir ke zama, wuraren da ake sa jak, da ƙarafan da suka riƙe daɓen motar. Sabon fenti mai sheƙi ba ya shaidar komai, wani lokacin ma kyan ɗan maciji ne. Ɗan maganaɗisu a aljihu ya fi idon dillali gaskiya, duk inda ya ƙi kamawa to ba ƙarfe ba ne a wurin, ciko aka yi aka shafe. Inji ana saye a ɗora. Jikin da ya ruɓe kuwa sai mai walda, shi kuma a can da awa yake caji, kuma duk inda ya yanka sai ya tarar da wata ɓarnar a bayanta. Babu mai iya faɗa maka ƙarshen wannan lissafi tun daga farko.

Akwai wani abu da ya kamata ɗalibin ya sani. Tun 2018, dokar Birtaniya ta ɗauke wa yawancin motocin da suka wuce shekara 40 wajibcin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Masu tsofaffin motoci sun yi murna, amma ga mai saye ma'anarsa ita ce mai yiwuwa an daɗe wani bai leƙa ƙarƙashin motar ba. Ya biya a ɗaga ta, ya shiga ƙasa da fitila da kansa. Ya kuma tabbatar lambar da ke jikin motar ta yi daidai da ta takarda, domin sunan Westfalia, kamfanin Jamus da ya yi fice wajen mayar da Kombi ɗakin kwana, yana ƙara mata daraja, kuma ba duk mai ɗauke da sunan ba ne ya fito daga can.

Idan jikin ya tsaya, takardu suka inganta, ina ganin ya saya, da sharaɗin ya riƙe wani kaso na kuɗinsa don injin, kada ya zuba duka a ciniki. Ya kuma sani cewa ya ɗauko abokiyar zama mai son kulawa: canjin baƙin mai da saita bawul duk bayan kimanin kilomita 5,000, da haƙurin tafiya a gefen hanya manyan motoci suna wuce shi.

Wani abin takaici dai a nan gida yake. Mu ma mun san Kombi. An harhaɗa ta a masana'antar Volkswagen da ta fara aiki a Legas a 1975, ta yi haya, ta yi motar makaranta da ta asibiti. Busasshiyar iskar Arewa ba ta cin ƙarfe kamar damshin Turai, don haka gawar Kombi da ke yashe a bayan wani gareji a Kano ko Zariya tana iya fin ta Ingila lafiyar jiki, alhali a Amurka an taɓa sayar da wata mai tagogi 23 a kan fiye da dala 200,000. Tamu in injin ya tsaya, sai a cire tayoyin, kaji su tare a ciki, har ranar da 'yan gwangwan za su zo da guduma su saye ta a kan kilo.