Mu Ƙirga Kafin Mu Yi Gardama

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya saba zama a majalisun garuruwanmu, daga Tambuwal zuwa Kebbe har Fakku, ya sha jin gardama a kan karatun 'ya'ya mata. Wannan ya ce ai an waye, kowa na kai 'yarsa makaranta. Wancan ya ce talla ta cinye su. A watse babu wanda ya kawo adadi ko ɗaya. Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na matan Jihar Sakkwato 'yan shekara 15 zuwa 49 ba su yi karatun boko ba, amma wannan adadi na jiha ne ɗungurungum, bai faɗa mana halin da unguwa ɗaya take ciki a Fakku ba.

Alhali kuwa a manhajar lissafi ta ƙaramar sakandare akwai babin ƙididdiga, wanda galibi malami kan cika allo da alƙaluman da ba su da tushe, yara su kwafa, su mance. Shawararmu ga malaman lissafi ita ce su fitar da wannan babi cikin gari. A raba wa ɗalibai gidaje da izinin masu unguwanni da magidanta, 'yan mata su shiga wajen mata, samari su tsaya a zaure. Tambayoyin kaɗan ne: maza nawa, mata nawa, wa ya shiga firamare, wa ya gama, wa ya kai sakandare, a aji nawa aka tsaya. Ba a rubuta sunan kowa, domin asirin Musulmi amana ne.

Da waɗannan amsoshi yaro zai gane abin da allo ya kasa nuna masa. A ce wata unguwa 'yan mata 12 suka gama firamare cikin 60, wata kuwa 9 cikin 20. Mai gaggawa zai ce ta farko ta fi, sai lissafi ya nuna masa kashi 20 ne da kashi 45. Idan kuma aka ware iyaye mata daban, 'ya'yansu daban, sai a ga ko ratar da ke tsakaninsu da maza tana raguwa ko tana nan daram.

Abu ɗaya muke nacewa a kai: lalle a buɗe layi na karatun allo da Islamiyya. Irin wancan bincike na ƙasa makarantar boko yake ƙirgawa, don haka matar da ta sauke Alƙur'ani ta karanta Ahalari da Ishmawi takan faɗa cikin sahun marasa ilmi, wannan kuwa ba adalci ba ne. Amma kada mu yi saurin murna. Muna tsoron idan aka ƙirga matan da suka san hukuncin tsarki da salla aka gwada da maza, wannan layin ne zai fi kunyata mu, mu da muke ƙasar da Shehu Usmanu ya zargi malaman zamaninsa, a cikin Nurul Albab, da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, ƙasar da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata.

Mun san akwai masu ƙyamar ƙirga mutane, wasu don tunawa da harajin Turawa, wasu don camfi. To, Buhari ya ruwaito daga Huzaifa cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a rubuta masa waɗanda suka musulunta, aka rubuta mutum 1,500. Sayyidina Umar kuma ya kafa diwani ya rubuta mutane, har da mata, domin rabon haƙƙinsu.

Muna kira ga shugabannin rassanmu na Kebbe da Tambuwal da su sami shugabannin makarantu da wannan magana tun kafin zango mai zuwa, su kuma yi wa magidanta bayani a masallatai. Idan an gama, a kafa jadawalin a makaranta, a karanta shi a taron iyaye, a aiko mana da kwafi mu buga a wannan shafi.