Adireshin Intanet Da Baƙaƙen Larabci: Wa Zai Ɗauki Nauyin Tsaronsa?

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, yau maganarmu a kan adireshin gidajen yanar sadarwa ne, da yadda rubuta shi da baƙaƙen da ba na boko ba ya shafi kamfanonin da ke ciniki tsakanin ƙasashe.

Tun da Paul Mockapetris ya tsara tsarin sunayen intanet a 1983, alamomi 37 kacal ake rubuta adireshi da su: haruffan Turanci 26, lambobi 10, sai karan ɗori. Balarabe da Barashe da mutumin Sin, kowa sai ya ajiye rubutun da ya tashi da shi ya ari na wani kafin ya shiga ko da shafin gwamnatin ƙasarsa. A 2003 aka fito da wata dabara: mutum ya rubuta sunan da baƙaƙensa, kwamfuta ta mayar da shi boko a ɓoye. Kalmar مصر, alal misali, a wurin na'ura xn--wgbh1c ce. Amma wutsiyar adireshin ta ci gaba da zama boko, har sai da hukumar ICANN ta amince a taronta na birnin Seoul a watan Oktoban 2009. A watan Mayun 2010 ƙasashe uku suka fara samun nasu da Larabci: Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Rasha ta samu рф a cikin wannan watan, kuma da aka buɗe rajista ga kowa a watan Nuwamba, dubban ɗaruruwan sunaye aka kama cikin makonnin farko.

Ni a ganina wannan gyara ne da ya dace, ya ma makara. Kamfanin da ya je Alƙahira ko Riyad neman kuɗin mutane, ya fassara tallarsa da Larabci, ba shi da hujjar ya ce ƙofar shagonsa kaɗai ce ba za a rubuta da Larabci ba. Manyan kamfanoni sun gane haka. A zagayen 2012, inda kuɗin neman sabuwar wutsiya guda ɗaya ya kai dala 185,000, Amazon ya nemi sunansa da rubutun Japan da na Sin, Aramco kuma ya nemi ارامكو. To amma ka duba tallace-tallacensu, har yanzu adireshin boko suke bugawa. Yawancin abin da kamfanoni suka yi wa rajista sun kama ne don kada wani ya riga su, kamar mai sayen filin da ke jikin gidansa ba don zai gina ba.

Dalili ɗaya shi ne sauran manhajoji ba su bi sahu ba. Sai a 2014 Gmail ya fara mu'amala da adireshin imel da ba na boko ba, kuma har yau akwai shafukan bankuna da na sayar da tikitin jirgi da za su ce maka imel ɗinka ba daidai ba ne, don kawai ba su san baƙaƙensa ba. Babu ɗan kasuwar da zai buga irin wannan adireshi a kan katinsa ya yi barci da ido biyu rufe.

Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma duk wanda ya taɓa duba imla'in ɗalibai zai gane shi nan take. A ce akwai kamfani mai suna الأمانة. Wani zai rubuta alif ɗin da hamza, wani zai bar ta. Wani zai ƙare da ta marbuɗa, wadda muke kira ta-kuri a makarantar allo, wani zai manta ɗigon biyu ta zama ha-kuri. Ga siffofi huɗu ke nan na suna ɗaya. Malami zai ja jan biro ya wuce, domin ya san abin da ɗalibin yake nufi. Na'ura kuwa adireshi huɗu take gani, kowane ana iya sayar wa mutum daban. Ba a nan ta tsaya ba. Baƙaƙen Larabci ba Larabawa kaɗai ke rubutu da su ba. Kaf na Farisanci da Urdu lambarsa daban ce da kaf na Larabci a cikin kwamfuta, alhali a farkon kalma da tsakiyarta ido ba ya bambanta su. Haka ma harafin ya. Wanda ya buga suna a Tehran da wanda ya buga shi a Jidda, abu ɗaya suke gani a fuskar na'ura, amma suna iya sauka a gida biyu.

Ta wannan ƙofa 'yan damfara suke shiga. A 2005 wasu masana tsaro sun nuna adireshin PayPal na jabu, inda suka musanya harafin a na boko da takwaransa na Rashanci. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar sunan da yake fitowa tamkar apple.com a wasu manhajojin lilo, alhali duk haruffansa na Rashanci ne. An toshe waɗannan ramuka, manhajojin yanzu sukan nuna maka siffar xn-- idan suka yi shakka. Sai dai kowace manhaja da nata ma'auni.

Kada mai karatu ya ɗauka abin na nesa ne. Ɗan kasuwarmu na Kantin Kwari da ke odar kaya daga Dubai ko Guangzhou, wanda ake aiko wa bayanin asusun da zai tura kuɗi ta imel, shi ne mafi rauni a wannan sarƙa, domin ba shi da ma'aikatan da za su bincika masa, kuma sau da yawa ba ya karanta rubutun da adireshin ya zo da shi. Mu kanmu muna da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ba sa cikin 26 ɗin nan. Tsohon tsari bai bambanta ƙasa da kasa ba. Sabon ya bambanta, amma a ƙaramar fuskar waya ɗan lanƙwasar nan ba kowa ke lura da ita ba.

Wasu sun ce tunda haka ne a koma boko zalla a huta. Ban yarda ba. Boko ma yana da nasa ruɗanin, harafin l da lamba 1, ko rn da m, kuma ba wanda ya ce a jefar da shi. Abin da nake gani shi ne nauyin ya koma kan masu sayar da sunayen. Ƙasar Sin ta nuna hanya: tana da wutsiya biyu, 中国 da 中國, ɗaya da sauƙaƙen rubutu, ɗaya da na gargajiya, kuma mai rajista ɗaya ne yake riƙe duka biyun. Haka ya kamata a yi wa الأمانة: wanda ya mallaki siffa ɗaya, a kulle masa sauran ukun, kada a sayar wa kowa, kada kuma a caje shi sau huɗu. Kafin hakan ya game ko'ina, ɗan'uwa, idan sabon lambar asusu ta zo maka ta imel, kira abokin cinikinka ta lambar wayar da ka sani tun da, ka ji daga bakinsa kafin ka je banki.