Zumunci Ba Daga Ƙyamar Cuta Ya Samo Asali Ba

Tun shekarar 2008, da Corey Fincher da Randy Thornhill da abokan aikinsu suka wallafa bincikensu, wani ra'ayi ya sami gindin zama a tsakanin masana halayyar ɗan Adam, cewa al'ummun da cututtuka masu yaɗuwa suka daɗe suna addaba su ne suka fi riƙo da dangi, da bin al'ada sau da ƙafa, da ɗari-ɗari da baƙo, wai domin ƙyama garkuwa ce mai tsare jiki tun kafin cuta ta shige shi. Wannan da'awa, duk da ƙididdigar da aka jera mata, ba ta da hujjar da za ta gamsar da mai hankali.

Da ƙyama ce asalin zumunci, da ma'abuta zumunci sun fi kowa gudun majinyaci, alhali kuwa abin da ido ya shaida kishiyar haka ne. Lokacin da annobar Ebola ta auka wa Gini da Laberiya da Saliyo a 2014, ta hallaka mutum fiye da 11,000, jinya da wankan gawa suna cikin manyan hanyoyin da ta bi ta yaɗu, saboda 'ya'ya sun ƙi barin iyayensu su mutu babu mai ba su ruwa, kuma dangi sun ƙi yarda a binne nasu ba tare da sutura ba. Shari'ar da ta hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, wadda Sayyidina Umar ya yi aiki da ita sa'ad da ya juya daga hanyar Sham a zamanin annobar Amwas, ita ce kuma ta sanya gaishe da marar lafiya cikin haƙƙoƙin Musulmi, ta mayar da wankan mamaci farillar da ke kan jama'a.

Sa'an nan Ingila, wadda ake kafa misali da ita wajen zaman kowa-tasa-ta-fisshe-shi, ai kwalara ta yi ta ɗibar mutanen Landan a 1849 da 1854, kuma a Bergen ta ƙasar Norway, inda kuturta ta yi katutu, wani likita mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar a 1873, amma cututtukan ba su sa waɗannan ƙasashe sun fi riƙo da dangi ba. Bayanin Daniel Hruschka da Joseph Henrich na 2013 ya fi kusa da haƙiƙa, domin sun nuna cewa raunin hukuma ya fi yawan cuta bayyana dalilin fifita dangi: inda babu asibitin dogara, babu kotun da talaka zai kai kuka, babu fansho ga tsoho, ɗan'uwa ne kaɗai zai biya kuɗin magani, shi ne kuma zai kwana a bakin gadon.