Kuɗin Kamfanonin Magani da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara

Kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara reshe ne na likitanci da ke duba matsalolin tunani da ɗabi'a tun daga ƙuruciya har zuwa balaga: yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, wanda ya daina magana, ko yarinyar da damuwa ta hana ta barci da cin abinci. Yawancin waɗannan larurori babu gwajin jini ko hoton da zai tabbatar da su. Likita yana dogara ne da abin da ya gani, da abin da iyaye suka faɗa masa, da abin da ya karanta a littattafai da mujallun bincike. Don haka duk wanda ya ɗauki nauyin binciken nan, yana da baki a ɗakin duba marasa lafiya ko da bai taɓa taka ƙafarsa can ba.

Kuɗin kamfanonin magani suna shiga ta ƙofofi da dama. Akwai ɗaukar nauyin bincike, da biyan manyan malaman jami'a ladan ba da shawara ko gabatar da lacca, da shirya tarurruka. A ƙasa kuma akwai wakilan talla da ke zagaya asibitoci da kemis, su bar kalanda da biro masu ɗauke da sunan magani. Tallafin kansa ba laifi ba ne, domin magunguna masu amfani da yawa ta wannan hanya aka samo su. Ɓarnar tana farawa ne idan aka ɓoye alaƙar, ko aka danne sakamakon da bai yi wa kamfani daɗi ba.

Amurka ta ga wannan ƙarara. A 2008, binciken Sanata Charles Grassley ya nuna cewa Farfesa Joseph Biederman na Jami'ar Harvard ya karɓi aƙalla dala miliyan 1.6 daga kamfanonin magani tsakanin 2000 da 2007, kuma bai sanar da jami'arsa mafi yawansu ba. Shi ne kan gaba wajen yaɗa ra'ayin cewa ƙananan yara ma suna kamuwa da cutar nan mai jefa mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa. Daga 1994 zuwa 2003, yawan zuwan yara asibiti da sunan wannan cuta ya ninka kusan sau 40 a ƙasar. A 2013 kamfanin Johnson & Johnson ya amince ya biya sama da dala biliyan 2, kuma cikin tuhume-tuhumen har da tallata Risperdal ga yara kafin hukuma ta yarda, maganin da ke iya sa ƙiba mai yawa, har ya sa wasu yara maza su fito da nono. Haka nan wani bincike da kamfanin GlaxoSmithKline ya ɗauki nauyi, aka buga a 2001, ya ce maganin Paxil yana magance ciwon damuwa a matasa. Da wasu masana suka sake duba ainihin bayanan a 2015, sai suka tarar bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta amfani ba, ga shi yana ƙara tunanin kashe kai.

A ƙasar Hausa ba sai an je da nisa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta hallaka dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, aka ba kusan rabinsu Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo hakan, kuma ya samu yardar iyaye da baki. Iyaye da dama sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Raunin da abin ya yi wa amana ya fi kuɗin girma, don har cikin hujjojin masu ƙin allurar shan inna a 2003 an ambace shi.

A jihar Jigawa kuwa, halin da Haɗeja da kewayenta suke ciki ya bambanta da na Amurka. Abin da ke damun yara a nan ƙarancin masu duba su ne. Asibitin masu taɓin hankali na jihar Jigawa yana Kazaure, can yammacin jihar, tafiya mai nisa ga mutumin Guri ko Kirikasamma. Ga shi buƙatar tana nan. Ambaliyar 2022 ta raba iyalai da gidajensu a Auyo da Kafin Hausa da sauran garuruwan bakin kogi. Yaron da ya ga ɗakinsu ya rufta da dare yana iya komawa fitsarin kwance, ya riƙa firgita da zarar hadari ya haɗu. Wani kuma zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa ya bar shi da farfaɗiya. Uwa takan fara da rubutu da ruƙiyya, daga nan ta wuce kemis, inda mai shago zai ƙirgo mata ƙwayar sa barci a leda, babu suna babu takarda. Wurin da ƙwararru suka yi ƙaranci haka, maganar wakilin talla takan zauna a matsayin ilimi, kuma wannan shi ne abin tsoron. Badaƙalar kodin ta 2018, wadda ta sa Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, ta nuna yadda magani ke zurarewa daga hannun 'yan talla zuwa hannun matasa.

Ƙa'idoji suna nan. Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara domin ƙananan asibitoci ya hana ba yaron da bai kai shekara 12 ba maganin ciwon damuwa, ya kuma sa a fara da horar da iyaye da tallafin makaranta kafin a kai ga ƙwaya. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ya rage wa Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin masarautar Haɗeja da kuɗin gwamnati, ta kuma wajabta wa likitoci bayyana duk abin da suka karɓa daga kamfani. Iyaye kuwa, haƙƙinsu ne su tambayi sunan maganin da za a ba ɗansu, da illarsa, da ranar da za a daina shi, kuma kada su dangwala yatsa a takardar da ba a karanta musu da Hausa ba.