Motar lantarki da wayar Gazawa

A Amurka, 'yan jam'iyyar Dimokurat sun sabunta rangwamen dala 7.500 ga mai sayen motar lantarki a 2022, 'yan Rifabulikan suka soke shi a 2025. 'Yan bokon Tasawa na ta gardama a kai, sai ka ce da su aka yi.

To, ɗan kabu-kabun Mayahi fa? Da Tinubu ya janye tallafin mai a Mayun 2023, kwalbar bakin hanya ta yi tsada. A Agusta, bayan juyin mulki, Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta. Lantarkin jihar Maraɗi kuwa daga Katsina yake biyowa ta Gazawa. Babur mai batir ma, makunninsa na can ƙetaren iyaka.