Yajin Aiki A Tashoshin Ruwan Amurka: Ina Iyakar 'Yancin Ƙungiyar Ƙwadago?

Idan ba a manta ba, a ranar 1 ga Oktoba 2024 ne 'yan dakon tashoshin jiragen ruwa na gabashi da kudancin Amurka, su kimanin 45,000, suka ajiye aiki har kwana uku a kan batun albashi da kuma na'urorin da ake kawowa suna maye gurbin mutane. Wannan ya shafe mu, domin da yawa daga motocin hannu da kwantenonin da ake saukewa a Kwatano da Lome, daga waɗannan tashoshi suke tasowa. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani shi ne, ba kowane tsayar da kaya dokar Amurka ta yarda da shi ba.

Tushen maganar yana cikin dokar Taft-Hartley ta 1947, wadda majalisar ƙasar ta zartar duk da cewa Shugaba Truman ya ƙi sa mata hannu. Dokar ta bar wa ma'aikata damar yin yaji a kan wanda ya ɗauke su aiki, amma ta hana su matsa wa wani kamfani na daban lamba don ya daina ciniki da abokin rigimarsu. A 1959 aka ƙara ɗaure ta, inda aka haramta yarjejeniyar da mai kamfani zai yi wa ƙungiya alkawarin ba zai taɓa kayan wani ba. Wato dai ba a yarda a ƙi dukan jaki a daki taiki ba.

To amma idan ma'aikata suka ƙi taɓa wani kaya saboda kayan ne ke cinye musu aiki fa? Wannan tambaya ta kai gaban Kotun Ƙoli a 1967. Wani ɗan kwangila a birnin Filadelfiya ya sayo ƙofofi 3,600 waɗanda aka riga aka yanka aka daidaita a masana'anta, kafintoci suka ce ba za su kafa su ba, domin daidaita ƙofa aikinsu ne tun asali kuma yana cikin yarjejeniyarsu. Masu masana'anta suka kai ƙara, amma alƙalai biyar cikin tara suka ba kafintoci gaskiya, bisa hujjar cewa da ubangidansu suke rigima a kan abincinsu, asarar masana'anta kuwa biyo baya ta yi. Shekara goma bayan haka, a 1977, masu haɗa bututu a New York suka yi irin wannan ƙi, sai kotu ta ce sun saɓa doka, saboda ƙaramin ɗan kwangilar da suke wa aiki ba shi da ikon zaɓen kayan, babban ɗan kwangila ne ya zaɓa. Ke nan ma'auni biyu ne: aikin ya zama nasu ne tun da, kuma wanda suka matsa wa ya zama yana da ikon ba su shi.

Shari'ar da ta fi kusa da sana'armu ita ce ta kwantena. Tun da aka fara jigilar kaya a kwantena a 1956, aikin 'yan dako ya riƙa raguwa, domin kayan da ake ɗauka ɗaya bayan ɗaya sai ga shi ƙugiya tana ɗaga su gaba ɗaya. Ƙungiyarsu ta ILA ta ƙulla ƙa'ida da masu jiragen ruwa cewa duk kwantenar kamfanin jirgi da ta haɗa kayan mutane da yawa, irin wadda ƙananan 'yan kasuwarmu ke haɗa kuɗi su cika, in dai a cikin mil 50 daga tasha za a loda ta ko a sauke ta, to 'yan ƙungiyar ne za su yi aikin a bakin ruwa, in ba haka ba kamfanin jirgi ya biya tarar dala 1,000. Masu manyan motoci da masu sito suka yi ta ƙorafi, amma a 1985 Kotun Ƙoli ta ce wannan kare aiki ne halattacce. Sai dai daga baya hukumar kula da sufurin ruwa ta soke ƙa'idar, a kan cewa tana nuna bambanci tsakanin masu kaya.

Ita wannan ƙungiya kuma ta sha kaye a wata shari'ar. A watan Janairu 1980, bayan Tarayyar Sobiyet ta mamaye Afganistan, shugabanta Thomas Gleason ya umarci 'yan dako su daina taɓa kayan Rasha. Wani kamfani mai suna Allied, wanda ke shigo da katako daga can, ya ga kayansa sun maƙale alhali bai ci ba bai sha ba. A 1982 alƙalai tara baki ɗaya suka yanke cewa komai kyawun niyyar ƙungiyar, ta ɗora nauyi a kan waɗanda ba su da ikon janye ko soja ɗaya daga Kabul, don haka kamfanin yana da damar neman diyya.

Mun san cewa dokar Amurka ba ta aiki a Jibiya ko Illela, amma tambayar da take yi ta dace da mu. A farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta Nijeriya ta dakatar da kai kaya kudu na kusan mako guda. Ƙorafin na gaskiya ne, an yi asarar rayuka da dukiya. Amma wanda ya fara ji a jikinsa shi ne manomin da tumatirinsa ya ruɓe a arewa, da talakan Legas da ya saya da tsada, alhali gwamnati ce ke da ikon biyan diyya da hukunta masu laifi.

Saboda haka muna ganin shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan dako da 'yan kasuwa a kan iyakokinmu, kafin su tare hanya ko su hana sauke kaya, su fara tambayar kansu: wanda za mu tsayar wa kaya, yana da ikon biya mana buƙatarmu? 'Yan dakon Amurka da suka fuskanci masu tashoshi kai tsaye a 2024 sun samu ƙarin albashi na kashi 62 cikin ɗari a tsawon shekara shida, yayin da yajin 1980 ya ƙare da kaye a kotu. Mu da dukiyarmu ke kwana a kan hanya, haƙƙinmu ne mu nemi a rubuta irin wannan iyaka a tsarin ƙungiyoyinmu tun kafin wata rigimar ta taso.