Ƙarin ƙwaƙwalwa a Najeriya: me ya sa majinyata ke zuwa a makare?

A da ana zaton ƙari ba ya cika fitowa a ƙwaƙwalwar baƙar fata. Wannan zato ya soma rushewa bayan shekarar 1962, lokacin da Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan. A yau na'urar sikana, mai ɗaukar hoton cikin kai, ta ƙaru a manyan birane. Saboda haka ana gano cutar fiye da da.

Ƙarin iri-iri ne. Wanda likitocin Najeriya suka fi gani ga manya, musamman mata, yana tsirowa ne daga yanar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Galibinsa ba sankara ba ne, kuma fiɗa tana iya raba mutum da shi. Wani irin daga naman ƙwaƙwalwar kansa yake fitowa, ya kuma fi wuyar magani. Wani kuma yana fitowa a ƙasan ƙwaƙwalwa, kusa da jijiyoyin gani. Ga yara, yakan tsiro ta wajen ƙeya.

Ga alamomin da za ka lura da su:

1. Ciwon kai mai ƙaruwa kullum, musamman da asuba, tare da amai.
2. Raguwar gani, ko ganin abu ɗaya ya zama biyu.
3. Farfaɗiya da ta fara bayan mutum ya girma.
4. Mutuwar ɓarin jiki sannu a hankali, ko canjin hali.
5. Tangaɗi ga yaro, ko kumburin kan jariri.

Babbar matsala ita ce jinkiri. Da yawa ba sa isa wurin likita sai ƙarin ya girma, wasu har sun makance. Dalilan a fili suke. Kuɗin hoto da na fiɗa suna da yawa. Likitocin fiɗar kaɗan ne, suna kuma birane irin su Ibadan, Enugu, Kano da Sakkwato. Sannan akan ɗauki farfaɗiya aikin iska ne ko sammu, a ɓata watanni.

Mu ma a Nijar wannan ya shafe mu. Ba kowane ciwon kai ne ƙari ba. Amma in ka ga alamomin nan, ka kai marar lafiya asibiti mafi kusa, ka nemi a tura shi inda ake hoton kai. Ganin da ya riga ya mutu da wuya ya dawo, ko da an cire ƙarin. Kada ka jira.